Idan Wanda Ya Sayar Muku da Kaza Ya Ce a Mayar Masa da Ita

Kazar da aka saya don ƙwai, ko don yara su samu abin da za su kula da shi, ba ta daɗewa take zama 'yar gida. Kafin wata uku an raɗa mata suna, ta san lokacin da ake buɗe akurki, tana cin abinci a tafin hannu, tana bin ƙaramin yaron gidan duk inda ya sa ƙafa. Ana cikin haka sai ga saƙo daga wanda ya sayar da ita: a yi haƙuri a mayar masa da kazar, zai dawo da kuɗi.

Shawarata ta farko ita ce kada ku ba da amsa a ranar, ko ta "to" ko ta "a'a". Mafi yawan nadamar da ake yi a wannan lamari daga amsar gaggawa take fitowa. Kunya ta sa an ce "ba komai, zo ka ɗauka", daga baya a ga yaro ya kwana yana kuka, a dawo ana neman janye magana. Ko kuma fushi ya sa an rufe waya, alhali mutumin yana da labarin da ya shafi lafiyar kajinku duka. Abin da ya dace a faɗa gajere ne: "Malam, mun ji saƙonka. Ka ba mu kwana biyu mu yi shawara a gida, amma kafin nan muna son jin dalili." Sannan a yi masa tambayoyi uku: me ya sa yake son ta yanzu, me zai yi da ita idan ta koma, kuma ko akwai wata cuta ko mutuwa a garkensa tun bayan cinikin.

Tambaya ta uku ta fi sauran nauyi, don haka da ita zan fara. Idan ya ce kajinsa suna mutuwa, ko suna atishawa da kumburin fuska, shi ya sa yake tattara waɗanda ya sayar, to maganar ta tashi daga ciniki ta koma hannun likitan dabbobi. Kada kazar ta motsa daga inda take. Ɗaukar tsuntsun da ake zargi a bi hanya da shi, shi ne ainihin yadda cuta ke yaɗuwa daga gida zuwa gida. Murar tsuntsaye da cutar Newcastle suna cikin cututtukan da doka a ƙasashe da yawa ta wajabta a sanar da hukuma idan an gan su. Cutar Newcastle kan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 15 bayan kamuwa, saboda haka idan kazar ta yi wata biyu a wurinku lafiya lau, da wuya a ce daga can ta zo da ita. Amma akwai cututtukan da ba sa bin wannan lissafi. Ƙwayar cutar numfashi da ake kira Mycoplasma tana iya zama a jikin kaza har ƙarshen rayuwarta ba tare da wata alama ba, sai ranar da wahalar tafiya ko sauyin wuri ta tayar da ita. Cutar Marek kuwa tana yaɗuwa ta ƙurar gashi, kuma kazar da aka yi wa rigakafinta tana iya ɗauke da ƙwayar ta baza wa wasu ita tana lafiya. Abin yi shi ne a ware kazar da duk waɗanda suka zauna tare da ita a matsayin garke ɗaya, a hana yara rungumarta ko kai ta kusa da fuska, a riƙa wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, a kira likita.

Idan ba cuta ba ce, sai a duba wa ke da kazar. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma kusan ko'ina tushen ɗaya ne: an yi ciniki, an biya, an miƙa kaya, to kaya ya zama na mai saye. Doka tana ɗaukar kaza a matsayin dukiya, kuma nadamar mai sayarwa ba ta warware cinikin da ya riga ya faɗa. "Na sayar da arha", "ban san za ta yi kyau haka ba", "na canza shawara", duk waɗannan roƙo ne, ba haƙƙi ba. Kuna iya amsawa don kyautatawa, kuna iya ƙi ba tare da kun zalunci kowa ba. Ina jaddada wannan domin mutane masu kirki su ne suka fi saurin jin kamar sun yi laifi idan suka riƙe abin da suka saya da kuɗinsu.

Sai dai akwai wurare biyu da maganar ke juyawa. Na farko, idan kazar ba tasa ba ce tun asali: ta matarsa ce, ko ta ɗan'uwansa, ko an ba shi ajiya, ko ma sato ta aka yi. Wanda bai mallaki abu ba ba ya iya mallaka wa wani, don haka a mafi yawan dokoki mai kazar na ainihi yana da damar karɓar abinsa, ku kuma ku bi mai sayarwa ya biya ku. A nan ku nemi yin magana da mai kazar kai tsaye, ku kuma nemi shaida: tsohon hoto, lambar zoben ƙafa idan tana da shi, ko wata alama a jikinta da zai iya faɗa ba tare da ya gan ta ba. Na biyu, idan an gindaya sharaɗi lokacin cinikin. Wasu masu kiwon irin kaji na musamman sukan ce "idan ta zama zakara ku dawo min da shi", ko "idan za ku rabu da ita ni za ku fara tuntuɓa", ko kuma aro ne aka bayar na wani lokaci ku kuka ɗauka kyauta ce. Ku koma cikin wayarku ku karanta saƙonnin da aka yi kafin saye, kalma bayan kalma. Idan sharaɗin yana nan kuma kun amince da shi, alkawari ne, a cika shi ko da zuciya ba ta so. Idan babu, to ba a ƙirƙiro sharaɗi bayan an tashi daga ciniki.

Tun yanzu ku adana rasit, shaidar tura kuɗi, tallar da ya yi, da hotunan kazar masu kwanan wata. Ba don neman faɗa ba. Rubutu yana hana kowa tuna abin da ba a faɗa ba.

Dalilan da suka fi yawa, da abin da za a iya bayarwa a madadin kazar

Sau da yawa ba kazar kanta mai sayarwa yake nema ba, jininta yake so. Ya sayar da ita tana da mako takwas, duk 'yan'uwanta kama ɗaya, sai daga baya ya ga hotonta ta fito da launi ko ƙirar da yake nema, ko kuma kare ko cuta ta kashe masa uwarta, ita kaɗai ta rage a zuriyar. Wannan buƙata ce ta gaskiya, kuma ƙwai na iya biyan ta. Kazar da ba ta tare da zakara ƙwanta ba ya ƙyanƙyashewa, don haka ko dai ya kawo zakaransa, a killace shi kwana 30 kafin a haɗa su, ko a yi amfani da naku idan iri ɗaya ne. Kwana biyu ko uku bayan haɗuwa ƙwai kan fara ɗaukar ɗa. Idan tana tare da wani zakara a da, a raba su a jira mako uku zuwa huɗu, domin kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta na tsawon mako biyu zuwa uku, kuma idan aka yi gaggawa 'yan tsakin za su fito na tsohon zakaran ne. A riƙa kwashe ƙwan kullum, kada a wanke shi, a jera shi tsinin yana ƙasa a wuri mai sanyi kamar digiri 13 zuwa 16 a ma'aunin Celsius, ba cikin firji ba. Bayan kwana bakwai ƙarfin ƙyanƙyasarsa yana fara raguwa, saboda haka a riƙa miƙa masa ƙwai biyar ko shida duk mako maimakon a tara na wata guda. Ƙyanƙyasa kwana 21 ce, a inji a kan digiri 37.5 ko a ƙarƙashin kaza mai kwanci, kuma kusan rabin abin da zai fito zakaru ne. Wanda ke son kaji mata uku ko huɗu sai ya yi lissafin ƙwai goma sha biyu zuwa sama. Mai kiwon da ya san aikinsa zai fi farin ciki da wannan, domin ya samu zuriya ba tare da ya shigo da baƙuwar kaza cikin garkensa ba.

Wani dalilin kuma shi ne yaron mai sayarwa ne ya shaƙu da ita, aka sayar ba da saninsa ba. Wannan ya fi kowanne wuya, domin yara ne a ɓangarorin biyu. A nan lokaci ne alƙali. Idan kwana uku ko mako guda ne da saye, yaranku ba su riga sun saba sosai ba, kazar ma ba ta gama sanin sabon wuri ba, mayarwa ita ce ta fi kusa da adalci, kuma ni ita zan zaɓa. Idan an yi wata shida, to wancan yaron ya riga ya sha zafin rabuwa ya fara warkewa, mayarwa kuwa ɗauke zafin ne kawai a ɗora wa wani yaron. A irin wannan hali hoto da ɗan bidiyo lokaci-lokaci, ko ɗan tsako daga ƙwanta, sun wadatar.

Akwai kuma inda mayarwar take amfanar ku. An sayar muku da ita a matsayin mace, sai a wajen mako shida zuwa takwas zankon ya yi ja ya girma fiye da na sauran, daga mako goma sha biyu gashin wuya da na gadon baya suka fito da tsini, a wata huɗu ko biyar kuma aka ji cara. Idan unguwarku ba a yarda da zakara ba, ko kaji biyu kawai gare ku, riƙe shi wahala ce. Zakara ɗaya yakan dace da kaji takwas zuwa goma. Idan biyu ne kacal zai tsige musu gashin baya da yawan hawa. Mai sayarwar da ya ce a dawo masa da shi ya musanya muku da mace, ya yi abin kirki.

Tambayar "me za ka yi da ita" kuwa tana buƙatar amsa a fili. Idan kun ji alamar cewa wani ne ya taya da tsada yake son ya sake sayarwa, ko yanka ta za a yi, ba ku da wani dalilin amincewa.

Abin da komawa ke yi wa kazar

Ana yawan mantawa da ita a cikin shawarar, alhali ita ce za ta shiga kwali. Kaji suna zaune ne bisa matsayi: kowace ta san wadda take sama da ita da wadda take ƙasa. Kazar da ta bar garke ta yi makonni, idan ta dawo baƙuwa ce, ko da a nan aka ƙyanƙyashe ta. Za su tare ta da sara, su hana ta ci, su kore ta daga wurin kwana, kuma wadda aka shigar ita kaɗai ita ce ta fi shan wuya domin duk saran a kanta yake ƙarewa. Kazar da ta tashi a hannun mutane, da 'yan'uwa biyu ko uku, ba ta iya kokawar neman abinci cikin kaji hamsin ba. Sauyin wuri kaɗai yakan tsayar da ƙwai na kwanaki, wani lokaci makonni. Idan tana kwanci, ko tana zubar da gashi, ko tana shan magani, ko ta tsufa, bai kamata a motsa ta ba sai ta wuce wannan hali. Kaza tana iya rayuwa shekara biyar zuwa takwas, amma ƙwanta ya fi yawa a shekaru biyun farko. A gidan da ake kiwo don riba, ranar da ƙwan ya ragu ranar ce zamanta ke ƙarewa. A gidanku kuwa ba haka ba ne. Ku sa wannan a ma'auni.

Idan kun yanke shawarar riƙe ta, ku faɗa sau ɗaya, a rubuce, cikin ladabi: "Malam, mun yi shawara. Kazar ta saba da yara, ba za mu iya rabuwa da ita ba. Idan ƙwanta zai yi maka amfani, a shirye muke." Kada ku jero dalilai goma, domin kowane dalili ƙofa ce ta sabuwar muhawara. Kada kuma ku bar yara su ɗauki waya ko su tsaya a wurin maganar. Idan ya matsa, ku maimaita amsar ba tare da ƙari ba. Idan ya fara barazana ko ya ce zai zo ya ɗauka, ku sa kwaɗo a akurki, ku ajiye saƙonnin, ku nemi wani babba da ku duka kuke girmamawa ya shiga tsakani, ko hukumar da ke sasanta ƙananan rigingimu a inda kuke. Ba shi da hurumin shiga gidanku ya ɗauki kaza da hannunsa, ko da yana ganin shi ke da gaskiya.

Idan kun amince ku mayar

A fara da kuɗi, domin a nan ne zumunci ke ɓaci. Kazar da kuka saya tana 'yar mako takwas ba ita ce ta yau ba. Kaji masu ƙwai na zamani kan fara ƙwai a mako 18 zuwa 22, wasu irin kuma su ɗan jinkirta, kuma ku ne kuka ciyar da ita har ta kai nan. Babbar kaza tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kimanin kilo 20 zuwa 22 a wata shida. Ku haɗa da kuɗin rigakafi da magani, ku kuma cire ƙwan da kuka ci, don adalci ya tafi ta ɓangarorin biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce ya biya abin da irinta, a shekarunta, take kaiwa a yau, ko ya ba ku wata madadinta. Kuɗi ko madadin su zo hannu kafin kazar ta fita, ko a lokaci guda. A rubuta layi huɗu ko biyar: kwanan wata, siffar kazar, abin da aka biya, da cewa babu sauran bin bashi tsakaninku. Idan ya yi alkawarin ba zai yanka ta ba, ko yara za su riƙa zuwa ganinta, a rubuta, amma ku sani a ranku cewa da zarar ta koma tasa ce, kuma irin wannan alkawari ba ya da mai tsare shi sai mutuncin wanda ya yi shi.

Ku gaya masa gaskiyar lafiyarta dalla-dalla: rigakafin da aka yi mata da ranakunsa, duk wata rashin lafiya da ta yi, da ko akwai mai tari a cikin sauran kajinku. Idan ta sha maganin ƙwayoyin cuta ko na tsutsar ciki kwanan nan, ku ba shi sunan maganin da ranar shan ƙarshe, domin magunguna da yawa suna da kwanakin da ba a cin ƙwai ko nama bayansu, kuma adadin yakan zo a rubuce a jikin kwalbar. Kwana ɗaya kafin tafiya ku duba ta: ku buɗa gashin ƙarƙashin fiffike da na kewayen dubura ko akwai ƙwarƙwata ko ƙuma, ku shafa ƙashin ƙirji ku ji ko ta rame, ku duba ido da hanci a bushe suke, tafin ƙafa babu kumburi. Ku ɗauki hoto, don kada bayan mako guda a ce mara lafiya kuka dawo da ita.

A kama ta bayan duhu ya yi, lokacin da take kan sandar kwana. Ba ta gani sosai a duhu, don haka ba sai an bi ta da gudu ba. A dafe fikafikan a jikinta da hannu biyu, a tallafe ƙirjin, kada a matse. Kada a rataye ta da ƙafafu kai a ƙasa, kada a ɗaga ta da fiffike: na farko yana takura mata numfashi, na biyu yana iya gurɗa mata gaɓa. Kwali mai kimanin santimita 45 a tsawo, 30 a faɗi, 35 a tsaye ya ishi matsakaiciyar kaza. Wanda ya fi haka girma yana sa ta riƙa zamewa a kowace kwana. A huda ramuka masu faɗin santimita 2 zuwa 3 a saman ɓangarori huɗu, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko dusar katako mai kaurin santimita 5. Zafi ya fi komai kashe kaza a hanya. Zafin jikinta ya kai digiri 41, ba ta kuma yin gumi, don haka a yi tafiyar da sassafe ko da dare, kada a sa kwalin a but ɗin mota ko inda rana ke dukansa. Idan tafiyar ta wuce awa biyu a tsaya a ba ta ruwa. Ku haɗa masa da abincin da ta saba na mako guda, kamar kilo ɗaya, ya riƙa gauraya shi da nasa sannu a hankali, don sauyin abinci farat ɗaya yana kawo zawo.

A yi miƙawar a ƙofar gida. Mai kaji ba ya shiga akurkin wani da takalmin da ya taka nasa, kuma kwali ko kejin da ya fito daga gidansa bai kamata ya sauka kusa da kajinku ba. Ku tambaye shi ko ya shirya mata wurin killacewa: kwana 30, nesa da garkensa kamar mita 10 ko fiye, da kwanon ci da na sha nata daban, a riƙa zuwa wurinta a ƙarshe bayan an gama da sauran. Bayan haka a yi mako guda raga na tsakaninsu, suna ganin juna ba sa taɓawa, sannan a ɗora ta kan sandar kwana da dare, a ƙara wurin ci na biyu. Ɗan sara na mako ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, amma da an ga jini a fitar da ita, domin kaji suna bin ja da sara har su yi mummunan rauni. Wanda ya ce shi kawai zai jefa ta cikin sauran ne a daren, bai shirya karɓarta ba, kuma kuna da damar ku ce a dakata sai ya shirya. Wannan killacewa ta kwana 30 ta hau kanku ku ma idan madadi ya ba ku.

Su kuma yara, a gaya musu gaskiya kafin ranar, da kalmomin da za su gane: wa zai karɓe ta, me ya sa, kuma ba laifinsu ba ne. Kada a ce ta ɓata ko ta gudu. Yaro zai yi ta leƙa bayan gida yana nemanta, kuma ranar da ya gano gaskiya abin zai fi yi masa ciwo. A bar su su ba ta abinci na ƙarshe, su shimfiɗa ciyawar kwalin. Idan yaro ya tambaya, "Baba, za a yanka ta?", a amsa da abin da aka sani kawai, kada a yi alkawarin da ba a hannunku yake ba.

Idan kaji biyu ne kawai gare ku, tafiyar ɗaya za ta bar ɗayar ita kaɗai, kuma kaza ba ta jure kaɗaici: takan rage ci, ta yi ta kira, ƙwanta ya ragu. Ku shirya samo mata abokan zama biyu masu kusan girmanta, a killace su tare, don adadin ya zama uku. Ta haka ko wata ta mutu nan gaba, ba za a sake barin guda ita kaɗai ba.